Ɗana ya fara koyon walda, idonsa na ciwo da dare: wai madara ce maganin?

Tambaya: Salamu alaikum. Ɗana mai shekara 17 ya fara koyon walda wata biyu kenan. Sau uku yanzu yana tashi tsakar dare yana kuka da ido, wai kamar an watsa mai yashi, ga hawaye kamar famfo. Ogansa yace ba komai kowa da haka ya fara, ya dinga shan madarar gwangwani, ido zai saba. Dan Allah gaskiya ne? Kuma me da me ya kamata in sa wa ido a sana'ar nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya, ya sa wa neman albarka. Na haura shekara ashirin ina riƙe da holda, wato abin riƙe sandar walda, kuma nima da irin wannan karatun aka raine ni, na sha madarar nan har ta gundire ni, toh bari in faɗa miki kai tsaye: ido baya sabawa, kuma madara bata da haɗi da ido ko huhu, ciki take tafiya. Ba wai ogan mugu bane, abinda ya gada daga nasa ogan yake maimaitawa.

Abinda ke rudar mutane a walda shine yawancin cutarta bata nunawa a lokacin da ta shiga. Guduma in ta sami yatsa nan take zaka yi ihu, ita kuwa walda bashi take bi, sai ka koma gida ka ci tuwo ka kwanta tukunna ta zo karɓa. Shi yasa yaro yake ganin ai na kalli wutar ban ji komai ba.

Ciwon da yake ji ƙuna ce. Wutar walda, wannan mai shuɗi-shuɗin da ke tashi tsakanin sanda da ƙarfe, zafinta ya haura digiri 3,000 alhali ƙarfe a wajen digiri 1,500 yake narkewa, kuma banda hasken da muke gani tana fitar da wani da ido baya gani, irin wanda ke cikin hasken rana mai ƙona fata, sai dai ita a gaban hancinka take. Shi ne yake ƙona fatar saman ƙwayar ido, kuma sai bayan awa 6 zuwa 12 zafin ke tasowa, kinga dalilin da yasa kullum tsakar dare ne. Kuma mai koyo ya fi ogan shan wahalarta, dan oga ya san lokacin da zai ɗana wuta, yaro kuwa shi ne mai riƙe ƙarfe, fuskarsa na kusa, sai dai ace mai "kau da kai" bayan an riga an ɗana. Ko ta gefen ido hasken na shiga, har wanda ya daki farin bango ko kwano ya dawo yana ƙonawa.

In ta riga ta faru, ya kwanta a ɗaki mai duhu, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora kan idon yana rufe, ya sha farasitamol, kar ya murza. Yawanci cikin kwana ɗaya zuwa biyu fatar ke warkewa da kanta. Dan girman Allah kar a ɗiga mai ruwan sikari ko ruwan gishiri ko nonon mai shayarwa ko ruwan albasa ko kwalli, duk na ga ana yi, ido ne mai rauni a buɗe ake zuba wa datti. Akwai kuma wani maganin ɗigawa mai kashe zafi nan take da 'yan walda ke ɓoyewa a aljihu, wannan likita ne ke sa shi lokacin duba ido kawai, in mutum ya maida shi na kullum yana hana raunin warkewa har ya zama gyambo a ƙwayar ido. In kwana biyu ta wuce bai sauka ba, ko yana gani dishi-dishi, ko ido ɗaya ne tak ke ciwo, a tafi asibitin ido, dan ciwon ido ɗaya sau da yawa ɓurɓushin ƙarfe ne ya maƙale. Kuma kar ya yarda wani ya ciro mai da tsinken ashana ko gefen takardar kuɗi ko maganaɗisu ko harshe, eh harshe, ana yi. Ƙarfe in ya kwana a ido tsatsa yake zagayewa da shi, likita ne ke da kayan kankare ta. In kuna Kaduna ga Cibiyar Ido ta Ƙasa, Kano ga asibitin ido na ECWA, ko dai sashen ido na babban asibiti mafi kusa.

Baƙin tabarau ɗin da kike gani a fuskar 'yan walda na bakin titi, na gayu ne, ba na aiki ba. Gilashin walda lamba gare shi. Sandar geji 12 da geji 10 da ake gyat, wato ƙofar gida ta ƙarfe, da taga da su, wato mai kauri milimita 2.5 da 3.2, wutarsu na kaiwa daga amfiya 60 zuwa 130 haka, wato ma'aunin yawan wutar da inji ke bayarwa, gilashi mai lamba 10 ko 11 suke so, manyan ayyuka har 12 zuwa 14. Tabarau na kasuwa duhunsa bai ko kama ƙafar wannan ba, ga gefe a buɗe, ga fuska a waje. Hular walda mai rufe fuska gaba ɗaya ita ce magana, in da hali mai duhunta kanta da zarar wuta ta tashi, dan da ita yaro zai ga inda zai ɗora sanda ba sai ya ɗaga ba, ɗagawar nan ita ce ke kashe mu. Wanda ya shekara goma yana kallon wuta tsirara kuwa, shi ne zaki ga yanar ido ta fara rufe mai gani tun bai tsufa ba, dare na yi baya iya tuƙa babur.

Sai hayaƙi, inda maganar madara ta samo asali. Akwai bututu da kwano masu farin shafi da muke cewa galbanaiz, irin na rijiyar burtsatse da ƙafar tankin ruwa. In wuta ta taɓa shafin nan wani farin hayaƙi ne ke tashi, zaki ga ya bar fari-fari kamar gari a gefen waldar, bakin mutum ya dinga wani ɗanɗano kamar ya tsotsi kwabo. Da yamma ko dare sai zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon gaɓoɓi, ciwon kai, sak maleriya. Na san mutane da yawa da suka yi ta shan maganin maleriya a banza, kwana ɗaya biyu ya sake su suce magani yayi aiki, alhali hayaƙin ne ya gama zagayensa. In ɗanki ya dawo da zazzaɓi ki tambaye shi me suka yi walda yau, kuma a faɗa wa likita, a yi gwajin jini kafin a sha magani. Wanda ya sha madara shima zazzaɓin nan na kama shi, ni shaida ne. Abinda ke hanawa shine a goge shafin da giranda, wato injin gurza da yanka ƙarfe, kafin a ɗora wuta, a yi aikin a fili, kai kuma ya kauce daga saitin hayaƙin.

Wannan ma mai sauƙi ne tunda yana tafiya. A shekarar 2017 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta sa hayaƙin walda a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam, kansar huhu, ta kuma sa shi wancan hasken walda da ido baya gani a rukunin saboda kansar ido. Ba wai na galbanaiz kaɗai ba, har na baƙin ƙarfen da muke gyat da shi, shi yasa a 2019 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce ko a waje ake walda sai an ba ma'aikaci kariyar numfashi. A cikin sandar walda akwai sinadarin manganis, in ya taru a jiki shekara da shekaru ƙwaƙwalwa yake taɓawa, hannu ya fara karkarwa, tafiya ta canza. Ƙarfen nan mai ƙyalli da baya tsatsa, na baranda da matakala da ake yayi yanzu, hayaƙinsa ya fi na baƙin ƙarfe sharri. Tsohon fenti kuma ana samun dalma a ciki. Hankici a hanci ko takunkumin korona basa tare wannan, ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta, sai takunkumi mai lamba N95 ko FFP2, FFP3 ya fi, mai kama fuska gam. Fanka kuma daga gefe ake ajiye ta ta kwashe hayaƙin ta wuce, in a bayansa take jikinsa ke tare iskar hayaƙin ya dinga juyawa a gaban hancinsa. In yana shan sigari kuwa toh an haɗa wa huhu biyu.

Yanzu bari in zo kan guda biyun da basa bin bashi, su nan take suke karɓa.

Wutar lantarki. Zaki ji ana cewa wutar walda bata kisa, ɗan ja ne kawai. Injin in yana kunne ba a walda, tsakanin holda da wayar at, wato wadda ake maƙala wa jikin ƙarfen, akwai bolt 50 zuwa 80 a tsaye. In hannu a bushe yake, da safa, da takalmi mai kauri, ja ɗin kaɗan ne, shi yasa aka raina ta. Amma ki kawo watan Afrilu, zafi, riga ta jiƙe sharkaf da zufa, yaro ya durƙusa gwiwa a kan ƙyauren da ake haɗawa, silifas a ƙafa, ya kai hannu tsirara zai canza sanda. Jiƙaƙƙiyar fata bata tare wuta, abinda zai ratsa ƙirjinsa zai iya kai ɗaya bisa goma na amfiya ɗaya, kuma ko rabin wannan ya isa ya birkita bugun zuciya. Injin da ke ba da amfiya ɗari don narka ƙarfe, kinga ɗan ƙanƙanin abinda yake buƙata a kan mutum. Kuma tsofaffin taransifoman nan namu na naɗin gida da ake tsomawa a cikin mai, irin wutarsu mai kai-komo ta fi ta ƙananan injinan zamani riƙe mutum, tana ƙanƙame tsoka ya kasa saki. Ga bayansu inda wutar NEPA ko janareta ke shiga, bolt 230 ne ko 415, sau da yawa a tsirara ba murfi.

Ɗabi'un da nake korar yaro a kansu: saƙale holda a hammata, rataya waya a wuya ko naɗe ta a hannu, tsoma holda a ruwa dan ta huce, ajiye ta kan ƙarfen aiki da sanda a bakinta, ƙulla waya da leda, da jera rodi da guntayen ƙarfe a ƙasa wai su ne wayar at. Na ƙarshen nan har gobara yake tadawa, dan wuta hanya take nema, duk inda haɗin bai kama ba sai ya yi zafi. In hadari ya sauko a kashe inji, ba jarumta a ciki. In aiki a sama ne, kan rufi ko ƙafar tanki, ɗan jan da bai isa kisa ba ya isa ya sa mutum ya saki hannu, faɗowar ce zata ƙarasa. Kuma ki koya mai wannan ko da shi kaɗai zai riƙe: in wuta ta kama wani kar ya taɓa shi da hannu, ya kashe daga tushe, in ba hali ya ture shi da busasshen katako. In baya numfashi a kwantar da shi rigingine a dinga danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har a samu taimako. Ba ruwa ake watsa mai ba, ba madara ake ɗura mai ba.

Na biyun shine duro da tanki, nan zan ɗan daɗe dan ganau ne ni ba jiyau ba. Ina shekara ta uku a koyo wani mutum ya kawo duro a baro, a yanka mai biyu zai yi kwamin ba dabbobi ruwa. Aka tambaye shi me ke ciki, yace tina ce ta fenti amma ya fi shekara ba komai, har ya ƙwanƙwasa mana muji ƙarar wofi. Babban yaron shagonmu, wanda ya fi mu duka hannu, ya jijjiga, ya sunsuna bakin, yace ba matsala. Ni an aike ni sayo sanda, ban kai bakin titi ba naji ƙara kamar tayar tirela ta fashe, kunnena ya ɗauke. Da na juyo, gindin duron ya ɓalle ya tashi ya huda kwanon rumfar maƙwabcinmu, shi kuma yana zaune a ƙasa yana kallon hannunsa, gashin girarsa babu, bai ma fara jin zafi ba. Ya rayu, amma yatsu biyu sun tafi, kunne ɗaya har yau baya ji da shi. Mai duron kuwa ko baronsa bai tsaya ɗauka ba.

Abinda bamu sani ba a lokacin, duro wofi ya fi cikakke haɗari. Ba ruwan fetur ne ke fashewa ba, tururinsa ne in ya gauraya da iska, kuma kaɗan yake so, kashi ɗaya da rabi zuwa bakwai da ɗoriya cikin ɗari na iskar da ke ciki. Ɗan abinda ya maƙale a lungun haɗin duro ko ƙarƙashin tsatsa ya isa, zafi na taɓa shi ya zama tururi. Ɗauraya da ruwa sau ɗaya baya fitar da shi, hanci kuma ba ma'auni bane. Tankin babur, tankin mota, tankin janareta, tankar dakon mai, duron dizal ko na bakin mai, duk ɗaya. Masu yin aikin a ƙa'ida da tururin ruwan zafi suke wankewa na tsawon lokaci, su auna da na'ura, su cika da ruwa har kusa da inda za a yi waldar a bar kafar da iska zata fita. Wannan ba aikin ɗan wata biyu bane, ba ma na ɗan shekara biyu ba. Ki gaya mai da bakinki, duk abinda aka taɓa zuba mai ko sinadari a ciki, ko wa ya sa shi, yace Mama ta hana. Haka shiga cikin tanki ko rami a yi walda, iska na ƙarewa mutum bai sani ba, sai dai yaji jiri ya zube, wanda ya shiga ɗauko shi shima ya zube. Kuma kar a kuskura a busa iskar oksijin ta tukunyar gas a ciki wai dan a sha iska, tufafi in suka sha ta tartsatsi ɗaya ya isa su kama kamar an zuba fetur.

Gobara kuma ta koma layin masu bin bashi. Tartsatsi na iya tafiya mita 10 ko fi, ya gangara ta ƙarƙashin ƙofa, ya faɗa cikin katifa ko buhu ko dussar katako ya kwanta yana cin ciki shiru. A ranar 11 ga Afrilu 1996 walda ake yi a saman ginin filin jirgin Dusuldof a Jamus, narkakken abu ya ɗiga cikin silin ya kama soson da ke ciki, ya daɗe yana ci ba wanda ya lura, mutum 17 suka mutu. A Shanghai ta ƙasar Sin, Nuwamba 2010, tartsatsin walda ya kama wani dogon bene da ake gyara, mutum 58. Ƙasashen da ke da kayan kashe gobara kenan. Shi yasa a ƙa'ida in an gama walda a gidan mutane ko a kasuwa, wani ke zama ya sa ido rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a kulle. Mu kuwa jarkar man janareta na nan taku uku daga inda ake yanka ƙarfe, a cikin hunturu da komai ya bushe ƙayau.

Tufafi: rigar ƙwallo da yadin roba su ne mafi muni, narkewa suke su manne a fata. Auduga mai kauri ko jins, dogon hannu, wuya a rufe, ƙafar wando a saman takalmi ba a cusa ciki ba, in ba haka ba ɗigon ƙarfe ya faɗa cikin but, rawar da mutum zai yi ba a magana. In ya ƙone, ruwa mai sanyi ya dinga zuba a kai minti 20, banda man goge baki, banda bakin mai, banda ƙwai. A duba ko yayi allurar tetanus.

Giranda ma na so in ambata dan ta fi walda kai mutane asibiti a shagunan da na zauna. Ana cire mata murfin kariya wai yana tare gani, ana ɗaura babban faifai a kan ƙaramar giranda, alhali ƙaramar na juyi sama da dubu goma a minti, babban faifan inci tara kuwa iyakarsa 6,600, in ya tarwatse fuska yake nema. Farin gilashin kariya lokacin gurza da lokacin ɓalle kashin walda, wato ɓawon da ke daskarewa a kan ɗinkin, da abin toshe kunne, kuɗinsu bai kai na madarar wata ɗaya ba.

Ni shawarata kar ki cire shi, sana'a ce mai rufin asiri, ki je Panteka a Kaduna ki ga abinda hannu ke ƙerawa. Amma ki sa mahaifinsa ko kawunsa ya leƙa shagon ba tare da sanarwa ba, ya zauna kamar ya zo gaisuwa. Ya duba wayoyin ƙasa ko da leda aka ƙulla su, ya duba ina jarkar mai take, akwai bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara, hular walda nawa ce a shagon, in ɗaya ce tak toh ta oga ce, yara da ido suke aiki. Sai a saya mai tasa, a rubuta sunansa a jiki da fenti dan kar ta zama ta kowa, da safar hannu ta fata da but da farin gilashi da takunkumi. Abokansa zasu mai dariya sati ɗaya suce ɗan Mama ya zo da kayan Turawa, daga nan zasu fara aro. In an je wajen ogan a bi shi da girmamawa, ace likita ne yace yaron ya dinga rufe fuska, kar a ce mai karatunsa ne ba daidai ba a gaban yaransa, dan in ya ji kunya ɗanki ne zai biya. In kuma ya ce a shagonsa ba a sa hula, ku nemi wani ogan tun idon yana gani.